Kafin ku cire yaro daga makaranta a Amurka, ku san dokar jiharku

Ƙannena da kuka fara tara iyali a Amurka, da yawanku na sha'awar riƙe yara a gida ku koyar da su da kanku, galibi don su samu lokacin haddar Alƙur'ani da tarbiyya. Doka ta yarda da haka a duk jihohi 50. Inda magabatanku suka riƙa yin tuntuɓe shi ne ɗaukar cewa doka ɗaya ce a ƙasar. Kowace jiha da tata. A Texas da New Jersey, wanda ɗansa bai taɓa shiga makarantar gwamnati ba babu wanda zai sanar. A Pennsylvania sai an kai takardar rantsuwa kafin 1 ga Agusta, kuma mai koyarwar ya zama ya gama sakandare. Saboda haka shawarar ɗan uwanku na Houston a jihar Texas, ko da gaskiya ce a can, tana iya jefa ku cikin rigima a Bronx ta birnin New York.

Mu ɗauki New York, tunda can jama'armu suke da yawa, kuma dokarta na cikin masu tsauri. Ƙa'idar tana sashe na 100.10 na dokokin kwamishinan ilimi na jihar, ta shafi yaro daga shekara 6 zuwa 16, a cikin birnin New York har 17.

Farko takardar sanar da niyya, kafin 1 ga Yuli, kowace shekara, ba sau ɗaya ba. In a tsakiyar shekarar karatu kuka fara, kwana 14 kuke da su. Nan ne aka fi shiga uku. Uwa ta gaya wa malamar aji da baki cewa yaro ba zai dawo ba, ta ɗauka an gama. Makaranta kuwa tana ta rubuta masa fashi, har maganar ta kai ga hukumar kula da yara a matsayin sakaci da ilimin yaro. Ku rubuta, ku aika ta imel ko wasiƙar da ake ba da rasit, ku ajiye shaidar.

Cikin kwanakin aiki 10 hukumar ilimin gundumarku za ta turo muku fom ɗin tsarin karatu, wanda kowa ke kira IHIP. Ku cike na kowane yaro daban, ku mayar cikin mako 4 ko kafin 15 ga Agusta, duk wanda ya fi nisa. A ciki za ku sa ajin yaro, littattafai ko manhajar kowane darasi, sunan mai koyarwa, da ranaku huɗu da za ku riƙa kai rahoto. Ku ne ke zaɓen ranakun, don haka ku duba kalanda, kada ku sa su a goman ƙarshe na azumi ko lokacin da kuka shirya zuwa gida.

Darussan aji 1 zuwa 6 sun haɗa da lissafi, karatu, rubutu, haɗa baƙi, Turanci, labarin ƙasa, tarihin Amurka, kimiyya, kiwon lafiya, kiɗa, zane da motsa jiki, har da kiyaye haɗarin hanya da na gobara. Islamiyya ba ta maye gurbin ko ɗaya daga ciki. Wanda ya bar wani gurbi babu komai, kamar yadda wasu ke tsallake kiɗa, fom ɗinsa zai dawo a ce ya gyara. Ku nemi abin da kuka aminta da shi ku rubuta a wurin. Jimillar karatu awa 900 ce a shekara ga aji 1 zuwa 6, awa 990 ga aji 7 zuwa 12, daidai da kwana 180.

Rahoton kowane zango yana ɗauke da awowin da aka yi, abin da aka karanta a kowane darasi, da maki ko ɗan bayani. In ba ku kai kashi 80 cikin 100 na abin da kuka tsara ba, sai kun rubuta dalili. Shi ya sa cika baki a IHIP ba dabara ba ce: wanda ya jera littattafai goma don ya burge jami'i, da su za a auna shi. Ku sayi littafin rubutu guda, kullum da yamma ku sa kwanan wata, darasi, shafi da awa. Wanda ya bari sai daren kai rahoto, ƙirƙira zai yi.

Tare da rahoto na huɗu ake kai sakamakon shekara. Aji 1 zuwa 3 rubutaccen bayani ya isa. Aji 4 zuwa 8 sai an yi jarrabawar da jiha ta amince da ita aƙalla shekara ɗaya cikin biyu, daga aji 9 kuma kowace shekara. Ana so yaro ya fi kashi 33 cikin 100 na tsararrakinsa maki a jarrabawar, ko ya nuna ci gaban shekara guda. In ya gaza, ana iya sa karatun gidanku a ƙarƙashin sa ido har shekara 2, ku kawo tsarin gyara.

New York ba ta ba ɗan karatun gida takardar kammala sakandare. Abin da ake nema shi ne wasiƙar shugaban ilimin gunduma mai tabbatar da cewa karatunsa daidai yake da na sakandare, ko yaron ya zana GED, jarrabawar da ke tsayawa a madadin takardar sakandare. Wasiƙar kuwa a kan takardun da kuka kai shekara da shekaru ake gina ta, don haka kowane rahoto ku ajiye kwafinsa, na takarda da na waya, tun daga aji 1.