Inna ta riga sufeto

Ɗazu Inna na tsinkar zogale ina karanta mata littafin farko na wani yaro ɗan wajen Ringim, labarin ɗan sandan ciki mai binciken kisan dillalin shanu a kasuwar Maigatari. Ko rabi ba mu kai ba ta ce "kai ɗan nan rufe, ƙanin mamacin ne, wa ya taɓa tambayar makullin rumbu tun ba a yi sadakar uku ba?" Na leƙa ƙarshe, wallahi shi ne, sufeto kuwa yana can yana ta bin sawun babur.

'Yan guruf ɗinmu na WhatsApp sai yabon wayon sufeton suke, wasu na cewa labarin ya cika jan rai. Ni dai ina ga marubucin ya san ƙauye sosai, sufeton nasa ne baƙo.