Na sabunta Ubuntu, rijiyoyin Kano suka koma Adamawa

Alhamdulillahi 'yan uwa, ɗigogin taswirata sun dawo gida. Masu bibiyar aikin taswirar rijiyoyin burtsatse da nake haɗawa ta unguwannin Dala da Gwale sun ji ni shiru kwana biyu, to ga abin da ya riƙe ni.

Kwamfutata ta daɗe a kan Ubuntu 18.04, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Tallafinta na yau da kullum ya ƙare tun Mayun 2023, kuma sababbin manhajoji sun fara ƙin hawa kanta. Na kwashe fayilolina, na goge faifan, na dasa 24.04 sabuwa fil. Fayil ɗin dasawar kaɗai ya kusa giga 6, ga QGIS, manhajar aikin taswira, ga sauran tarkace. Datar da na saya don ta kai ni ƙarshen wata ta ƙare a dare guda, kuma wallahi na ji zafin kuɗin nan.

Python, yaren da nake rubuta shirin da shi, ya tashi daga 3.6 zuwa 3.12, pip kuma, mai dasa masa ƙarin kaya, ya daina yarda a dasa masa kaya kai tsaye, sai ya yi ta cewa externally-managed-environment. Wannan bai ɗauke ni lokaci ba: na sauko da python3-gdal ta apt, na buɗe venv da --system-site-packages don ya riƙa ganin GDAL ɗin, wato kayan aikin da ke sarrafa bayanan taswira. Shi ke nan.

Ainihin ciwon kan yana gaba. Ɗan rubutun Python da ke yi mini aikin bai taka kara ya karya ba. Yana karanta lambobin GPS da muka ɗauko a tsarin UTM, mai auna wuri da mita, shiyya ta 32, wato EPSG:32632 a kundin lambobin tsare-tsaren taswira, ya juya su zuwa EPSG:4326, wato latitud da longitud, ya fitar da fayil ɗin GeoJSON, sannan Leaflet, mai nuna taswira a shafin intanet, ya zuba su a kan taswirar OpenStreetMap. Ko harafi ɗaya ban taɓa a cikinsa ba. Ya gudu lafiya lau, babu jan rubutu, babu gargaɗi. Na buɗe shafin, ga Kano nan, ga Dutsen Dala, ga Goron Dutse, amma babu rijiya ko ɗaya. Na yi ta ja da baya har duk Najeriya ta fito a allo, sai ga su can a dunƙule wuri guda kusa da Ganye, a kudancin Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Fiye da kilomita 500 daga inda muka tsaya a rana muka ɗauke su.

Na fara zargin burauza, na share abin da ta adana. Na zargi Leaflet, na mayar da tsohon fayil ɗinsa. Babu canji. Daga nan sai hankalina ya tafi kan shiyyar UTM, domin Ganye tana zaune ne a kusan layin digiri 12 gabas, daidai inda shiyya ta 32 ta haɗu da ta 33. Nan na ɓata yawancin lokacina, har lissafi ya ƙaryata zargin: kuskuren shiyya gabas ko yamma yake tura wuri da digiri 6, ba ya gangarar da shi kudu. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, idan na loda lambobin nan a QGIS sai su sauka a kan titunansu daidai. Na juya su da ogr2ogr, manhajar juya fayilolin taswira da ke zuwa tare da GDAL, nan ma lafiya. Kwamfuta ɗaya, bayanai ɗaya, amma nawa rubutun ne kaɗai ke kai su Adamawa.

Na buɗe GeoJSON ɗin na duba da ido, na ga 12.00 sannan 8.51, ban ga aibu ba. Idon da ya saba kwafo wuri daga Google Maps haka ya san lambobin Kano, latitud a gaba, longitud a baya. Sai da na ɗauko tsohon fayil daga ajiya na jera su gefe da gefe. Tsohon yana cewa 8.51 sannan 12.00.

Ga yadda abin yake. Ubuntu 18.04 tana zuwa da GDAL 2.2, ita kuwa 24.04 da 3.8. Tun daga GDAL 3.0 da PROJ 6 (wanda ke yi masa lissafin juya lambobi), waɗanda suka fito a 2019, ana bin jerin da kundin EPSG ya rubuta wa kowane tsari, kuma a kundin, 4326 latitud ne farko. Kafin nan longitud ake fara bayarwa. Ƙa'idar GeoJSON ta 2016, RFC 7946, ita kuma ta ce longitud ne farko, babu wani zaɓi. Kowanne yana kan ƙa'idarsa, kuma an rubuta canjin a takardun ƙaura zuwa GDAL 3. TransformPoint, umarnin GDAL da ke juya ɗigo, ya miƙo mini lambobi biyu a sabon jeri, rubutuna ya zuba su a tsohon gurbi. Maganin layi ɗaya ne bayan ImportFromEPSG:

srs.SetAxisMappingStrategy(osr.OAMS_TRADITIONAL_GIS_ORDER)

Masu aiki da pyproj, naku shi ne always_xy=True a cikin Transformer.from_crs.

Amma abin da ya sa na zauna na rubuta muku wannan ya wuce layin nan. Tun farkon aikin na sa wani ɗan gwaji da ke tsayar da rubutun idan ɗigo ya faɗa wajen akwatin da ya kewaye Najeriya. Gwajin bai ce uffan ba, domin Ganye ai Najeriya ce. Ƙasar nan tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa, sannan kusan 3 zuwa 15 gabas, lambobin biyu sun hau kan juna. Mutumin Landan idan lambobinsa suka juye, ɗigonsa cikin Tekun Indiya yake faɗawa, gabas da Somaliya, nan take zai gane. Mu namu yana sauka a gonar wani, kusa da titi, a gari mai suna. Na Bauchi ya fi nawa haɗari: tana wajen 10.3 arewa da 9.8 gabas, idan aka juya ba za ta yi nisan kilomita 100 ba. Idan taswirarka ta jiha ce gaba ɗaya, za ka iya wallafa ta a haka ba ka lura ba, sai wanda ya san ƙauyukan ya kira ka.

Akwai alamar da za ku iya kamawa da ido. Da na matso kusa da dunƙulen a Ganye, siffarsa ta unguwanninmu ce amma a karkace, kamar an duba ta a madubi: jerin rijiyoyin da ya miƙe daga kudu zuwa arewa ya koma daga yamma zuwa gabas. Kuskuren shiyya ba ya yin haka.

Yanzu na jefar da akwatin Najeriya. Gwajin yana ɗaukar wuri ɗaya da na san lambobinsa, gindin Dutsen Dala, ya juya shi, ya tabbatar lambar farko tana tsakanin 8.4 da 8.6, ta biyu tsakanin 11.9 da 12.1. Idan ba haka ba, ba a rubuta fayil ɗin kwata-kwata. Na cire layin gyaran da gangan don in gwada shi, ya kuwa tsayar da komai. Na mayar, na sabunta shafin, rijiyoyin suka bazu a lungunan Gwale kowace a ƙofar da na san ta. Na ji daɗi ba kaɗan ba.

Na so in wuce ga rarrabe masu aiki da waɗanda suka lalace ta hanyar launi, amma wata sabuwa ta ɓullo. Wasu tsofaffin lambobi da aka ba ni daga takardun safiyo suna sauka gefe da kimanin mita 80, duk ta fuska ɗaya. Ina kyautata zaton a ma'aunin Minna, tsohon tsarin awon ƙasa na Najeriya, aka ɗauke su, ba WGS 84 na GPS ba, don haka zan gwada su da EPSG:26332. Wanda ya taɓa juya bayanan Minna a sabon PROJ, don Allah ya faɗa mini hanyar juyin da ya zaɓa, domin projinfo, manhajar PROJ mai nuna hanyoyin juyi, ya jero mini fiye da ɗaya.