Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Katakon Tsohuwar Ƙofa

A makon jiya na tsaya a inda hunturu ya murɗe teburin karatun da na yi wa yara, domin ɗanyen malaina na saya saboda araha. Abin ya tsaya mini a rai. Ni malamin makaranta ne, aikin kafinta sai Asabar da Lahadi nake yin sa a zauren gidana, albashina kuwa ba zai iya sayen busasshen maɗaci ba.

Sai na koma kasuwar 'Yan Katako a Na'ibawa da ke Kano ina bin rumfa-rumfa, ina kallon yadda ake sauke afara da obece da loko daga manyan motocin kudu. A nan na saba da wani dattijo mai injin tsaga, kowa Baba yake ce masa. Shi ya koya mini in ɗaga katako kafin in yi ciniki: ɗanye ya fi nauyi, kuma da sanyi a tafin hannu. Ya ce in rufe ido ɗaya in bi tsawonsa da kallo, in akwai lanƙwasa ba za ta ɓuya ba. Da ya ga ina ta lissafin kuɗi sai ya ce, "Malam, nemi katakon da ya tsufa a jikin gida. Wannan ya gama duk motsin da zai yi."

Allah da ikonsa, a watan maƙwabcina ya rushe tsohon shagonsa, ya bar mini ƙofar a kuɗin da bai kai na falanki biyu ba. Da na kankare dattin da samfefa sai ga maɗaci ja, tsamau, ko gara ba ta kusance shi ba. Na daɗe ina shafa shi. Na kwashe yini guda ina zare ƙusoshi, na tara ashirin da ɗaya a gwangwanin madara, na ɗauka na gama.

Ba ni da zarton lantarki. Abin da na samu aro shi ne giranda, injin da masu walda ke gurza ƙarfe da shi. Na sayo faifan zarto na ɗaura masa, da na ga murfin kariya ya tokare faifan sai na kwance shi na ajiye, kamar yadda na sha gani ana yi a bakin titi. Ban kai tsakiyar falankin farko ba haƙoran suka ci karo da wata ƙusa da kanta ya karye a ciki. Injin ya fizge daga hannuna ya yo baya, ya tsaga mini gindin babban yatsan hagu. Na ga farin nama kafin jini ya zo. Uwargida ce ta naɗe hannun da mayafinta tana salati, aka sa ni a adaidaita sahu sai asibiti. Ɗinki takwas.

Daga baya na fahimci dalili. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, ninki biyu na zarton lantarki na katako, kuma ba ta da farantin da zai zauna a kan katako, ba ta da murfin da ke rufe kansa. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk sashen inji mai haɗari, amma masu bincike na Ma'aikatar Ƙwadago masana'antu suke zuwa, zaure irin nawa ba ya cikin lissafinsu. Hukumar SON tana duba ingancin kayan da ake shigowa da su, to amma faifan lafiyarsa ƙalau, injin ma haka, haɗa su ne ya jawo mini. Har yau ina ganin wanda ya sayar mini da faifan ya kamata ya tambaye ni inda zan ɗaura shi. Tambaya ɗaya tak.

Kwana uku da faruwar abin Baba ya zo duba ni. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya zaro maganaɗisun tsohuwar lasifika daga aljihu ya bi katakon da shi a hankali. Sau huɗu yana mannewa. Ya yi wa kowane wuri alama da alli, ya ce, "Ɗana, in hannun ya warke, ka kawo mini ita in tsaga maka."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗa muku abin da muka yi da ƙofar.