Tsakar da ke kwana a suri

Ba duk tsaka ce ke bin bango ba. A dazukan Afirka ta Yamma, daga Senegal zuwa Kamaru, har da Arewacin Najeriya, akwai wata mai kaurin wutsiya wadda ba ta iya manne wa bango, domin yatsunta ba su da madamƙin da tsakar ɗaki ke da shi. Tana da fatar ido, tana ƙiftawa. Tsawonta kusan santimita 20. Wutsiyar nan rumbunta ce: kitsen da ta tara da damina, lokacin da gara da gyare suka yawaita, shi ke riƙe ta da rani. Idan ta yar da wutsiyar don tsira a watan Maris, guzurinta ke nan ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwanta. Biyu take sakawa a lokaci guda, masu laushin ɓawo, ta binne su cikin ƙasa mai danshi na kusan wata biyu. Ƙasar ta bushe, ƙwan ya yanƙwane. Zafin wurin ne kuma ke yanke jinsi: wajen digiri 27 yawanci mata ake samu, wajen 32 maza su fi yawa. To ka duba abin da ke faruwa idan aka sare itacen da ke yi wa suri inuwa don gawayi, ko aka banka wa daji wuta bayan kaka. Ba sai an kashe ko guda ba, haihuwar ce ke lalacewa. Ramukan haƙar zinariya irin na Anka da Bukkuyum su ma haka, suna juye ƙasar saman da take fakewa ciki.

Manomi na iya taimakawa ba tare da kashe ko kwabo ba. Tsohon surin da ke gefen gona a bar shi. Duwatsun da aka tsince wajen sharar gona a tara su ƙarƙashin inuwa, a zuba ganye a kai. A share ciyawa kamar taku uku kewaye da wurin kafin a sa wuta, kuma kada feshin maganin ƙwari ya kai can, domin abincinta yake kashewa.

Batun da ake cewa tsaka na sa kuturta kuwa, ƙwayar cuta ce ke kawo ta, daga mutum zuwa mutum, ba tsaka ba. Kashin tsakar ɗaki, baƙi mai farin kai, shi ne abin kiyayewa: a rufe abinci da randa.