Macijin yashi da ke kallon sama: zafi ne, guba ce, ko cuta?

Macijin yashi na Kenya, wanda masana ke kira Eryx colubrinus, yana cikin macizan da ake kiwo a gida a Amurka da Turai saboda ba shi da dafi kuma bai da girma. Namiji ba ya cika wuce santimita 50, mace kan kai 70 zuwa 80. Yana da ɗan'uwa a ƙasashenmu na Sahel, Eryx muelleri, wanda ake samu a arewacin Najeriya da Nijar da Chadi. Duka biyun rayuwarsu a ƙarƙashin yashi take, ido da hanci kawai ke leƙowa, shi ya sa ranar da mai kiwo ya ga motsinsu a fili sai hankalinsa ya tashi.

Yawancin abin da ke firgita sabon mai kiwo ba ciwo ba ne. Macijin nan ba ya kai sara gaba kamar sauran macizai, ta gefe yake fizgar jiki ya cafko ɓera. Idan aka taɓa bayansa ba zato, zai zabura ya yi watsal-watsal. A kan tayil ko gilashi tafiyarsa duk a hargitse take, don jikinsa na kutsawa cikin yashi ne. Namiji a lokacin barbara kan ƙi abinci makonni, ya kwana yana zagaye akwati. Gab da saɓa kuma ido kan yi fari-fari, ya riƙa goga baki a jikin dutse. Duk wannan lafiya ce.

Abin da ya kamata ya dame ka daban ne: ya ɗaga kai ya lanƙwasa wuya baya, ya tsaya a haka mintuna kamar ya manta da kansa, ko gaban jikinsa ya riƙa murɗewa kamar igiyar da ake tuƙawa, ko kai na karkarwa, ko ya kai wa ɓera cafka ya kuskure sau da dama, ko ka tarar da shi kwance a saman yashi ya kasa nutsewa. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka kwantar da shi rigingine a kan tawul ka sake shi. Mai lafiya zai birkice cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, a fusace ma. Wanda ya zauna ciki a sama, ko kai ya juyo amma wutsiya ta ƙi biyo baya, akwai matsala a ƙwaƙwalwa ko laka. Ka ɗauki bidiyo da waya, domin sau da yawa a gaban likita alamar ba ta bayyana.

Da an ga haka sai bakin kowa ya tafi kan IBD, wata cutar bairos da ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyin macizai. A ganina gaggawar yanke hukunci ce. Fara da zafi, don shi ne ya fi kusa, kuma ɗabi'ar macijin ce ke jefa shi ciki. A daji, idan rana ta yi zafi yakan ƙara nutsewa ƙasa ya sami sanyi. A akwatin da aka manna wa shimfiɗar ɗumamawa ta lantarki daga ƙasa kuwa, iya nutsewarsa iya kusantar wutar. Kai kana auna saman yashi kana ganin digiri 30, alhali gilashin da cikinsa ke kai ya haura 40. To ka ture yashin, ka ɗora ma'aunin a kan gindin akwatin kansa. Ɓangaren ɗumi ya tsaya tsakanin 32 da 35, ɓangaren sanyi 24 zuwa 27, kuma kada a jona shimfiɗar ba tare da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai mizani ba. Wanda ke Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu ba ya ma buƙatar shimfiɗa. Ɗaki mai rufin kwano da akwati kusa da taga sun isa su dafa maciji. Idan zafin ne, a mayar da shi wuri mai sanyi, a jiƙa shi da ruwan da ya kwana a ɗaki. Ban da ƙanƙara. Wasu kan warware cikin kwanaki, wasu karkatar kan ta zauna musu har abada amma suna ci suna rayuwa.

Sai guba. Ka tambayi kanka me aka fesa ko aka ƙona a ɗakin cikin kwana biyu ko uku. Fiya-fiya, maganin sauro na feshi da na hayaƙi, duk jijiya suke kamawa, kuma akwati mai murfi yana tara su. Haka maganin ƙwarin fata mai sinadarin fametirin idan aka fesa aka mayar da maciji kafin ya bushe, ko aka bar kwanon ruwa a ciki. Maganin metronidazol na kashe ƙwayoyin cuta ma idan ya wuce kima yana kawo irin wannan alama, shi ya sa ba a ba maciji magani da ƙiyasi sai an ɗora shi a sikeli. Idan feshi ne ko hayaƙi, a fitar da shi daga akwatin, a ɗauraye jikinsa da ruwa zalla, a zubar da yashin gaba ɗaya.

Idan zafi daidai yake kuma ba guba, sannan a zo kan IBD. A 2012 aka gano tana da alaƙa da wata ƙwayar bairos ta dangin arena, kuma tana kama mesa da macizan boa, dangin da macijin yashi yake ciki. Mesa kan mutu da sauri, amma dangin boa na iya ɗauke da ita watanni ko shekaru ba alama, kafin a fara ganin amayar da abinci, rama, da saɓa mai tsinkewa. Ana zargin ƙwarin Ophionyssus natricis da yaɗa ta: baƙaƙen ɗigo ne kamar ƙumar kaji, a gefen ido, ƙarƙashin haɓa, ko a mace cikin kwanon ruwa. Ido ba ya tabbatar da cutar, sai gwajin jini ko na PCR mai gano ƙwayar bairos ɗin, wani lokaci har a ɗebi ɗan yankin hanta. Ba ta da magani har yau. Likitan dabbobi zai kuma duba ko ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini ko buguwa ce a ka.

Kafin a kai ga likita, a ware shi a ɗaki daban, a kan farar takarda maimakon yashi don a ga kashi da ƙwari. A ba shi maɓoya, a dakatar da abinci, a sa ruwan da bai wuce santimita ɗaya ba, domin macijin da ba ya iya birkicewa zai iya nutsewa a ɗan kwano. Shi za a taɓa a ƙarshe bayan sauran macizai, da kayan aikinsa na kansa, kuma duk sabon macijin da ya shigo gidan ya yi aƙalla kwana 90 a keɓe kafin ya haɗa ɗaki da su.