Alhamis: zartsi ya dawo gidanmu

Tun shigowar watan nan uwargida ke cewa sabulu ya daina kumfa. Yau da safe ta miƙo mini butar shayi, ta ce in leƙa. Farin ɓawo ya kama gindinta har ya soma ɓantarewa, ga bakin robinen banɗaki ya toshe, ruwa sai tsartuwa yake ta gefe. Na'urar cire zartsin da marigayi Baba ya sa, lokacin da aka zurfafa rijiyar gidan nan aka ɗora mata famfo da shato, ta gaji.

Da na taso daga lakkol na kira mai gyaran famfonmu, dattijon da ya kafa ta da hannunsa. Ya ɗebi ruwan rijiya a 'yar kwalba, yana ɗiga magani yana ƙirgawa, har ruwan ya juya daga ja zuwa shuɗi. Ɗigo 40, wato digiri 40 na zartsi. A ma'aunin Faransa da ake aiki da shi a nan, digiri ɗaya daidai yake da miligiram 10 na farar ƙasa a lita, kuma duk abin da ya haura 30 zartsinsa ya yi yawa. Ya sake gwada wanda ya bi ta cikin na'urar, ya samu 31. Ya girgiza kai ya ce, "Mushe, wannan wucewa kawai ruwan yake yi."

Ya kwance kan tulun na'urar ya zaro abin da ke ciki a tafin hannunsa. Rezin ne, 'yan ƙwayoyi masu ruwan zuma kamar ƙwan kifi. Su ne ke kama kalsiyam da magneziyam ɗin da ke hana sabulu kumfa, su saki sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, a madadinsu. In sun ƙoshi sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri, su koma aiki. Namu sun yi ja saboda ƙarfen da ke cikin ruwa, da ya murza su sai suka dagargaje suka bar masa laka a yatsa. Ya ce rezin shekara 10 zuwa 15 yake yi, namu kuwa ya ci nasa har ya shiga na wani.

Shawararsa in sayi sabuwa, babba, mai ƙirga litocin da aka yi amfani da su kafin ta wanke kanta. Tamu da agogo take tafiya, a yi amfani da ruwa ko kar a yi, in darenta ya zo sai ta wanke kanta, in kuma aka ɗauke kuran agogon ya rikice. Ya ce daga Kano za a kawo, don ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Kuɗin da ya faɗa ya sa na yi shiru, amma ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba.

Na tambaye shi ruwa nawa take zubarwa a kowane wanki. Ya ce sama da lita 100, babba kuwa ta fi haka. Bido huɗu ke nan ko biyar na lita 25, a Damagaram! Garin nan a kan dutse yake zaune, kowa ya sani. Ruwan famfo daga Gogo da Machaya da Arungoza da Ganaram ake janyo shi, kuma in bazara ta kama, unguwa sai ta kwana ta wuni babu ɗigo. A lokacin nan ne yaran maƙwabta ke jera bidodi a ƙofar gidanmu, mu ba su na rijiya, da zartsinsa, suna godiya. Wallahi ba na jin zan iya ƙara girman abin da ke tuttular da ruwa cikin dare alhali 'yan ga-ruwa na tura kura a ranar nan. Kuma abin da take zubarwa ruwan gishiri ne, ƙasa yake shiga, ƙasar da rijiyar ke ciki. Lemun tsamin da ke kusa da magudanar ganyensa ya daɗe da ƙonewa a baki-baki.

Akwai kuma maganar Inna. Likita ya hana ta gishiri saboda hawan jini. Na zauna na yi lissafi: kowane digiri da na'urar ta cire, wajen miligiram 4.6 na sodiyam take sakawa a lita. In ta cire 40 ɗin nan duka, sama da miligiram 180 ke nan a kowace lita, ga Inna da shan ruwa a zafin nan. Sannan na'urar ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ba ta cire sinadarin nitrat ɗin da ke tsiyayowa daga shadda, a unguwar da gida ke jingine da gida. Ba ta cire fuliyor ma, sinadarin da ke cikin ruwan wasu rijiyoyi, kuma babu ɗan Nijar da ya manta yadda ya lanƙwasa ƙafafun yara a Tibirin Maradi. Ruwa ya yi santsi a hannu daban, ya shawu lafiya daban.

Da la'asar na leƙa Kasuwar Dole, yau ranarta, neman gishirin na'ura. Babu. Wani ya nace in ɗauki kantun Bilma, ya ce ai gishiri gishiri ne. Kantu na dabbobi ne, ƙasar da ke cikinsa kaɗai ta isa ta toshe tiyon da ke zuƙar ruwan gishirin. Sai an yi sautu, kamar kullum.

Bayan magariba na faɗa wa dattijon abin da na yanke. Ba zan sayi sabuwa ba. Tulun lafiyarsa lau, rezin kawai za a zubar a zuba sabo, a sa matata a gabansa don yashi da tsatsa. Sannan a raba tiyo: na'urar ta riƙa ba banɗaki da wurin wanki kaɗai, madafa da shuka da robinen ƙofar gida su sha kai tsaye daga shato. In aikinta ya ragu, sai a ja kwanakin wankinta, gishiri ya ragu, zubar da ruwa ma haka. Ya ɗan yi jim, ya ce, "To Mushe, Allah ya sa haka ya fi alheri." Na san ya so cinikin babbar, amma bai ja ba.

Uwargida ce ba ta gamsu ba. Ta ce tukwanenta da butarta fa, kuma wake ba ya nuna da wuri a ruwan zartsi sai an jefa kanwa. Gaskiyarta. Na ce ɓawon buta binegar na cire shi in an tafasa a ciki, ta ce ai ba ni ke kankarewa ba. Mun bar ta a kan cewa gobe zan kai ruwan rijiyar ɗakin gwaji a auna nitrat da fuliyor da ƙwayoyin cuta, in sakamako ya fito mu san na sha da na girki daga ina za su riƙa fitowa. Kafin nan Inna za ta riƙa shan ruwan famfon gari da muke tarawa a randa.