Godiya ga 'yan tawagar kallon tsuntsaye da duk wanda ya kawo ko da ƙwallo ɗaya

Alhamdulillahi, an raba kaya, yara sun karɓa, an share ɗakin ajiya. Har yanzu gajiya ba ta sake ni ba, amma in na ce sai na huta, godiyar nan za ta huce. Kun san mafarin abin, ba sai na maimaita ba. A fitarmu ta safiyar Asabar don kallon tsuntsaye aka yanke cewa kowa ya riƙa zuwa da abin wasa ɗaya a jakar da yake saka madubin hangen nesa, har zuwa hutun ƙarshen shekara.

Daren tantance kaya ne ba zan manta ba. Muna ware masu ƙananan ɓangarori gefe, tunda ba a ba yaron da bai kai shekara 3 ba irinsu, ɗan ƙanwata kuma yana ta rarrafe tsakanin kwalaye. Baba, dattijon tawagarmu, wanda ke bambance zalɓe da balbela tun suna can nesa, wanda kuma ke riga kowa jin kukan makwarwa, shi ya hango murfin batirin wata motar wasa a buɗe, gurbin babu komai. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "'Yata, ɗauki yaron nan, asibiti za mu je yanzu."

A mota ne ƙafafuna suka fara rawa. Batirin nan mai kama da kwabo, in ya maƙale a maƙogwaron yaro, cikin awa 2 yana iya ƙona naman wurin, kuma da farko yaro na iya ci gaba da wasansa kamar ba komai. Uwar tana kuka tana neman sa masa yatsa ya yi amai, Anti nas ta riƙe hannunta ta ce sam, ba a yin haka, sai an ɗauki hoto. Hoto ya fito, babu komai a cikinsa. Ba mu bar asibitin ba aka bugo waya cewa an tsinci batirin a ƙasan kwali. A nan na zauna a ƙasa, na kasa tashi.

Sun ce kada in ambace su, amma yau sai dai su yi haƙuri. Baba, Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya ja da kwana. Anti nas, Allah ya raya miki zuri'a, ya kare su daga abin da ido bai gani ba. Kawu direba, da ya kashe wayarsa ya kwanta amma aka buga ƙofa ya fito ba tambaya, Allah ya tsare hanyarka, ya buɗa maka ta inda ba ka zato. 'Yan makarantar da suka kwana suna wanke 'yan tsana da gwada kowane murfi da sukundireba, Allah ya ba ku ilimi mai albarka. Waɗanda suka aje kaya suka tafi ba su bar suna ba, Wanda ya gan ku ya biya ku.

Akwai na jikina da suka yi alkawarin mota da hannu, aka yi aka gama ko gaisuwa. Na san kowa da uzurinsa. Na dai lura.

Fita tana nan ranar Asabar. Baba ya yi wa yaran da suka taya mu aiki alkawarin ba su labarin tsattsewa, 'yar tsuntsuwar da nauyinta ke wajen giram 20 amma take gudo wa sanyin Turai ta ƙetare Sahara. Ku zo da su. Kayan baɗi kuma, duk abin da ke aiki da batir, sai mai murfin da aka ɗaure da sukuru za mu karɓa.